Jan Bokitin Oga Emeka

Akwai tambayoyin da suka hana masana sukuni tun da aka fara rubutu, aka ƙarar da tawada a kansu, aka ɓata zumunci, har yau ba a ga ƙarshensu ba. Ni dai wadda ba zan taɓa mantawa da ita ba, wadda na sadaukar mata da shekara bakwai na ƙuruciyata da duk ilimin da iyayena suka wahala na samu, ita ce wannan: idan mutum ya suma, a zuba masa ruwa ko a ƙyale shi?

Kada ka yi dariya tukuna. Akwai wurinta a gaba, zan nuna maka.

A lokacin ina aikin motar asibiti, wato mu ne masu jiniya da gadon ɗaukar mara lafiya, waɗanda ake kira idan an yi hatsari ko wani ya yanke jiki ya faɗi. Kafin nan na yi shekara huɗu ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare, kuma duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san ba ya wankuwa daga hannu gaba ɗaya. Motarmu ba ta da masauki na kanta, sai aka ba mu gefe guda a harabar 'yan kwana-kwana a nan Jos. Su da jajayen motocinsu biyu, mu da farar tamu ɗaya a lungu, kamar baƙuwar da aka ba aron ɗaki. A tsakani akwai itacen turare, a gindinsa dogon benci, a reshensa kuma an rataye wani jan bokitin ƙarfe wanda ya girme ni a aiki. A kan bencin nan ake jiran kira. Wanda bai yi aikin ba yana zaton rayuwarmu gudu ce da jiniya. Mafi yawanta zama ne, kuma mutanen da aka horar su yi sauri, idan ka zaunar da su, musu suke yi.

Mun yi musu a kan komai. Jiniyar wa direbobin Jos suka fi ba hanya (ba ta kowa ba). Wa ke da iko a wurin hatsari, wanda ya yanke ƙofar mota ko wanda ya tsayar da jini. Ko ya halatta a ɓalle ƙofar shago mai shi yana tsaye yana laluben makulli. Duk waɗannan sukan tashi su lafa. Na ruwa ne kaɗai bai taɓa lafawa ba, domin yana da masu shi: ni da Oga Emeka.

Oga Emeka shi ne babba a cikin 'yan kwana-kwanan da ke zama a bencin. A Jos aka haife shi, mahaifinsa ya zo ne tun ana haƙar kuza, yana sayar da kayan gyaran keke. Hausarsa a lungunan Gangare ya tsince ta, da barkwancinta da baƙar maganarta. Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Wuta ta cinye masa girar hagu tun ina firamare, ba ta sake tsirowa ba, shi ya sa kullum fuskarsa kamar yana shakkar abin da kake faɗa. (Yana shakkarsa ɗin ne kuma.) Shi ya laƙaba mini Farfesa a makona na farko, ranar da na yi wa jama'ar benci bayanin zagayawar jini har shayinsu ya huce.

Matsayina a kan suma a fili yake, kuma na littafi ne. Wanda ya suma, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa tufafi, a duba numfashinsa, a juya shi gefe. Jini zai koma ka, zai farfaɗo da kansa. Ruwan da ake sheƙa masa a fuska ba ya tashinsa, sai dai ya shiga hanci ya shaƙe shi. Matsayin Oga ya fi nawa gajarta.

"Farfesa, shekara talatin ina zubawa. Duk wanda na zuba wa ya tashi."

"Da ka tsaya ka ƙirga ashirin ma zai tashi, Oga."

"To me ya sa zan tsaya ƙirga alhali ga bokiti?"

"Waɗanda ba su tashi ba fa?"

"Waɗannan naku ne," in ji shi, ya kurɓi shayi. "Shi ya sa aka saya muku mota."

Sai benci ya ɗauka da dariya, ni kuma in koma gida in buɗe littafi. Washegari in zo da shafi. Ya saurara har ƙarshe, girar nan guda a ɗage, sannan ya tambaye ni idan mutum ya ƙone me ake sa masa. In ce ruwan sanyi, ba manja ba, ba ɗanyen ƙwai ba. Ya buɗe hannuwa ya dubi jama'a. "Kun ji ko? Ruwa. Da bakinsa."

Abokiyar aikina a motar, Sista Nanret, nas ce mai ƙarancin magana, wadda ta fi ni sanin aikin nesa ba kusa ba, kuma ba ta taɓa jin buƙatar ta tabbatar wa kowa ba. Takan ce mini, "Malam, tsohon nan jan ka yake yi, kai kuma kana biye masa." Nakan ce mata magana ce ta ceton rai. Haka ne kuwa, amma ba wannan kaɗai ba ne, kuma yanzu da na manyanta zan iya faɗa.

Wata rana da hantsi aka kira mu Naraguta, wani mai noman tumatir ya zame cikin ɗaya daga tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cika, yana ƙoƙarin gyara injin ban-ruwansa. Ruwan ramukan nan kore ne, shiru, ba ka ganin ƙasansa. Ina tsaye a baki ina tunanin zurfi da sanyi da abin da littafi ya ce a kansu, Oga Emeka ya riga ya ɗaura igiya a ƙugu ya shige. Sau biyu yana nitsewa. A na uku ya fito da mutumin, ya jawo shi har gabana, ya zube a gefe yana haki, ya ce, "Na gama nawa, Farfesa. Saura naka." Ni da Sista muka durƙusa a kansa muna danna ƙirji, har Allah ya sa ya yi tari. Da muke sa shi a mota Oga ya leƙo, ruwa na ɗiga daga gemunsa. "Wannan dai na yarda, kada a zuba masa."

Tun daga ranar na san abin da nake nema a bencin nan. Ba nasara ba ce a gaban jama'a. So nake mutumin da ya shiga ramin nan ba tare da ya tsaya tunani ba ya dube ni sau ɗaya ya ce, "Farfesa, ka yi gaskiya." Kalma huɗu. Na yi shekaru ina tara masa shafuka saboda su.

Sai ga takardar ritayarsa ta fito. Zai ajiye aiki a ƙarshen Maris, ya kwashe iyali ya koma garin iyayensa a kudu, inda ya ce ya gina ɗaki uku da bai taɓa kwana a ciki ba. Aka shirya masa bikin bankwana a harabar, da rumfa da kujerun roba da lasifika. Na je wurin shugaban tashar na roƙi minti goma, na ce zan yi wa baƙi ɗan jawabi a kan taimakon gaggawa. Ya ce wannan tunani ne mai kyau. Sista Nanret ta ce wannan ba jawabi ba ne, kwanton ɓauna ne. Na rubuta dalilai bakwai, na karanta su a gaban madubi har matata ta haddace uku.

Akwai wata al'ada a gidan, wadda ban sani ba ko wasu tashoshin suna yi. Mai ritaya, kafin ya mayar da rigar wutarsa da hular kwanonsa sito, yakan zaɓi mutum ɗaya ya sanya masa su a gaban jama'a. Ma'anarta, wannan nawa ne, ku kula da shi. Kullum wani matashi a cikinsu ake zaɓa. Ranar, bayan fareti da addu'o'i biyu, ta limami da ta fasto, Oga Emeka ya ɗauko rigar, ya wuce sahun yaransa gaba ɗaya, ya tsallako ɓangarenmu ya tsaya a gabana.

"Tashi, Farfesa. Shekara bakwai kana koya mana aiki ba ka taɓa jin nauyinsa ba."

Aka yi tafi. Ba a taɓa ba wa ɗan motar asibiti ba. Mai hankali a nan zai gane an riga an ba shi abin da yake nema, har da ƙari, ya ninke takardunsa ya sa a aljihu ya zauna. Ni abin da na gane shi ne, yanzu zan kayar da shi cikin rigarsa.

Abin da kowa ya sani ban da ni shi ne, rigar nan yafa ta ake yi a kafaɗa, a ɗauki hoto, a cire. Ba riga ba ce, ɗaki ne. An yi ta ne don ta hana zafi shiga, kuma da irin wannan amanar take hana shi fita. Ni kuwa na zura hannu, na ja zif har wuya, na ɗaure maɗaurin hula a haɓa. A ƙarƙashinta akwai kakina, a ƙarƙashin kaki akwai rigar sanyi, domin da asuba na fito kuma Jos ce. Ban karya ba, zumuɗi ya hana. Rana ta kusa tsaka, a watan Maris, watan da garin nan yake tuna cewa shi ma a Najeriya yake. An kuma ajiye lasifikar a wajen rumfa.

"Malam, cire rigar nan," in ji Sista a hankali lokacin da nake wucewa.

"Minti goma ne kawai," na ce.

Dalili na farko ya tafi lafiya. Na biyu ma haka, har na ga wasu mata a sahun gaba suna gyaɗa kai. A na uku na ji gumi yana gangara ta bayana kamar an buɗe famfo, na ɗauka zafin hujja ne. Oga yana zaune a kujerar girmamawa kusa da matarsa, Maman Ngozi, ya harɗe hannuwa, yana kallona ba ƙiftawa.

Dalili na huɗu (na rantse ban ƙara ko harafi ba, takardar tana nan a akwatina, da tabon ruwa) ya ce: suma ba ta zuwa bagatatan, tana aiko da manzanni, kuma mai ilimi yakan gane su ya nemi wuri ya zauna tun kafin a kai ga neman bokiti. Sai na shiga lissafo manzannin. Gumi mai yawa, na karanta, yana shiga mini ido. Tashin zuciya, na karanta, na haɗiye yawu. Ƙara a kunne. Nan na ɗan dakata, don na zaci lasifikar ce. Duhu-duhu a gefen gani. Na ɗaga kai na ga rumfar ta koma can ƙarshen wani dogon bututu. Ina karantawa ina ji, ɗaya bayan ɗaya, a jere kamar yadda na rubuta, kuma abin da ya zo mini a rai shi ne daɗin cewa littafi bai yi ƙarya ba. Na ce bari in ƙarasa sakin layin in zauna.

Sauran labarin daga bakin Sista Nanret na ji shi, kuma ba ta rage mini komai ba.

Ta ce hular ce ta fara isa ƙasa, da ƙara irin ta tukunya. Jama'a suka yi kaina. A nan, a kan gangar jikina, aka buɗe zama na ƙarshe na muhawarar shekara bakwai, ba tare da ni ba. 'Yan kwana-kwana suna cewa a zuba. Direbanmu yana cewa kada a zuba, yanzun nan Farfesa ya hana. Wani baƙo mai kirki ya tsince takarduna yana neman inda na rubuta abin da za a yi, ya ce shafukan sun hargitse. Ita kuwa Sista aiki ta kama. Ta durƙusa, ta duba numfashina, ta zuge zif ɗin, ta sa hannu a wuyana ta ji kamar murfin tukunyar tuwo. Wannan ba sumar tsoro ba ce ko ta tsayuwa, zafi ne ya kama jiki. Shi kuwa wanda zafi ya kayar, littafin nan nawa da kansa, shafi kaɗan gaba da inda na tsaya kwafa, ya ce a kai shi inuwa, a tuɓe shi, a sanyaya jikinsa da ruwa.

Wato a duk faɗin ilimin suma akwai kusurwa guda da Oga Emeka yake da gaskiya, ni kuma na ɗauki mako uku ina shiri, na sa riga uku, na ƙi cin abinci, na je na kwanta a cikinta daidai.

"Oga, kawo ruwa," in ji Sista.

Sai Oga ya tsaya cak, in ji ta. Lasifikar tana yashe kusa da kaina, a kunne, don haka duk harabar ta ji amsarsa.

"Sista, me kika ce? Kunnena ya tsufa."

"Na ce ka kawo ruwa, Oga, ba wasa nake ba."

Daga nan bai ƙara wasa ba. Ya saɓa ni a kafaɗa kamar buhun dankali, mutum mai shekara sittin, ya kai ni bencin gindin turare. Suka cire mini riga ɗaya, biyu, uku, jama'a na ƙirgawa. Ya sauke jan bokitin daga reshe, ya tara a famfon tanki.

Abin da na fara sani shi ne sanyi, da ganyen turare a sama, da fuska mai gira ɗaya. Ina kwance daga ni sai singileti a gaban shugaban tasha, da limami, da fasto, da matan ma'aikata. Mutane da yawa idan suka farfaɗo salati suke yi, ko su tambayi inda suke. Ni, in ji shaidu sama da hamsin, buɗe ido na yi na ce, "Na biyar."

"Farfesa," in ji Oga, yana shafa mini ruwa a wuya, "an tashi daga makaranta."

Ban san dariya tana da nauyi ba sai ranar. Aka sa ni a motarmu, a kan gadon da na ɗora ɗaruruwan mutane, aka kai ni asibiti da jiniya, kuma karo na farko a tarihi direbobin Jos suka ba da hanya. A cikin motar Sista ta ce mini, "Ka san sai da ya juya ka gefe, ya tare hancinka da tafinsa, sannan ya zuba? A ƙirji ya zuba, ba a fuska ba." Ban saurare ta ba. Ina lissafin garuruwan da zan iya neman canjin wurin aiki.

Faɗuwar ba ita ce abin kunyar ba, yanzu na sani. Abin kunyar shi ne na ɗauki hutun mako biyu na ɓuya a gida. Ranar da zai tafi ya aiko a gaya mini motarsu za ta tashi da hantsi. Na sa kaya, na kai bakin titi, na tuna "na biyar", na juya. Mutumin da ya tsallake yaransa ya sa mini rigarsa ya bar garin da aka haife shi, ban je na ɗaga masa hannu ba, saboda kada a yi mini dariya a tasha.

Bayan shekara biyu na ci karo da Maman Ngozi a kasuwa, ta zo bikin wata 'yar'uwarsu. Ta riƙe hannuna ta ƙi saki, ta tambayi iyali ɗaya ɗaya, sannan ta ce, "Ɗana, ka san abokinka ya zama likita a cocinmu? Ran nan wata mata ta faɗi ana tsakiyar waƙa, mutane suka rugo da ruwa, ya tare su. Ya ce ba a zubawa, a ɗaga ƙafa, a juya ta gefe. Ya ce wani farfesa ne ya koya masa a Jos."

Na ce, "Mama, yaushe ya fara haka?"

"Ai tun muna nan. Ko a gida ba ya bari."

"To me ya sa bai taɓa gaya mini ba?"

Ta dube ni kamar yadda ake duban yaron da ya ci jarrabawa amma ya ɓata a hanyar gida. "Na tambaye shi. Ya ce idan ya yarda, gobe me za ku zauna ku yi?"

A wurin na karɓi lambarsa. Yanzu yakan kira ni da Sallah, ni in kira shi da Kirsimeti. Gaisuwarsa ba ta canzawa: "Farfesa, ka sha ruwa?" Sai in ce masa ruwa ba ya tashin wanda ya suma, ya ce shi dai ya san wani da ya tasa, mu yi ta yi har katin wani ya ƙare. Ban gaya masa abin da Mama ta faɗa mini ba, kuma ba zan gaya masa ba. Yakan tambaye ni sanyin Jos, da ko har yanzu ana sayar da masa a bakin Gangare, sai muryarsa ta yi ƙasa, sai ɗayanmu ya yi maza ya koma kan ruwa.

An daɗe da mayar da ni ofis. Yanzu ni ke horar da sababbin ma'aikata, a ɗaki mai fanka, kuma duk abin da na faɗa rubutawa suke yi. Da na ce a zuba wa mai suma kunu, za su tambaye ni na gyaɗa ko na tsamiya. Wani lokaci ina tsakiyar darasi sai in tsaya in duba bayan aji, ko Allah zai sa wani ya ɗaga gira. Darasin da na koya, in har darasi ne, bai wuce biyu ba: ka karanta babi har ƙarshe kafin ka hau lasifika, kuma idan ka sami mutumin da zai yi shekara bakwai yana ƙaryata ka kullum da safe, ka raka shi tasha.

Watan jiya aiki ya bi da ni ta tsohuwar harabar. An sare itacen turaren an yi rumfar kwano, bencin ya tafi, fuskokin duk sababbi. Na tsaya ina tunanin cewa a wannan ɗan fili an taɓa yin ilimi, an yi abota, kuma wataƙila akwai matan da ba su shaƙe ba a wani coci mai nisa saboda abin da aka faɗa a nan. Na ji a raina cewa mutum ba ya wucewa ta wuri bai bar suna ba. Sai na ji wani sabon ma'aikaci yana ce wa ɗan'uwansa, "Miƙo mini Farfesa in wanke taya." Na waiwaya da sauri.

Bokitin ne. An rubuta masa sunan a jiki da farin fenti.